Indararo: Ruwan Rufi Ya Shiga Duro, Kada Ya Ci Gindin Bango

'Yan'uwa manoma, a daminar bara mun ziyarci gidan wani ɗan'uwa a Hayin Banki, kusa da Kawo a Kaduna. Ɗaki ne na tubalin ƙasa da rufin kwano mai kyau, amma bangon baya ya tsage daga ƙasa har taga. Ruwan rufin kansa ne ya yi ta zuba a gindin bangon shekara da shekaru har ya cinye shi. Abin mamaki, uwargidan tana sayen ruwa wurin 'yan garuwa.

Bari mu yi lissafi. Ruwan da ke sauka a Kaduna a shekara ya kai wajen milimita 1,200, daga Afrilu zuwa Oktoba. Milimita 1 a kan murabba'in mita 1 lita 1 ke nan. To, rufi mai tsawon mita 10 da faɗin mita 6 yana karɓar lita 72,000, wato duro 360 na lita 200. Ko kashi ɗaya cikin biyar ya zube, saura ba kaɗan ba ne.

Kakanninmu sun san wannan, shi ya sa suke sa wa soro dogon indararo mai jefa ruwa nesa da bango. Rufin kwano kuwa yana bukatar wanda zai bi bakinsa daga wannan gefe zuwa wancan.

Wane iri za a saya? Maƙeran Panteka suna lanƙwasa na kwano daidai awon da ka kai musu. Ka tambayi gejin kwanon: ƙaramar lamba ita ce mai kauri, 26 ya fi 30 ƙarko. Na alminiyam ba ya tsatsa, sai tsada. Wasu kan tsaga bututun roba mai inci 4 biyu. Yana aiki, amma rana tana gasa shi ya dinga karyewa, sai an shafa masa fenti. Mu dai mun fi son na kwano mai kauri, domin kowane maƙeri yana iya yi masa faci.

Wajen kafawa ne aka fi kuskure. Kafinta yakan so aikinsa ya miƙe ɗoɗar don ya yi kyaun gani, ruwa kuwa ba ya tafiya sai da gangare. A ja igiya, a sauke santimita 1 a kowace mita zuwa wajen duro. A kafa ƙarfen riƙo kowane taku ɗaya a jikin katako mai lafiya, domin indararo cike da ruwan Agusta nauyi gare shi. Inda ya lotsa ruwa zai kwanta, cikin kwana 10 sauro ya ƙyanƙyashe, tsatsa ta biyo baya.

Kafin ruwan fari a kwashe ƙurar hunturu da ganyen mangwaro da kashin tsuntsaye, a sake dubawa a tsakiyar damina. Kada a aiki yara wannan aiki, kuma wani ya riƙe tsani. Ruwan farko na wanke rufi ne, a bar shi ya wuce. Duro ya kasance a rufe, da raga a bakinsa. Na sha kuwa a tafasa. In duro ya cika, rarar ta bi lambatu, ba bangon maƙwabci ba.

Rufin majami'a ya fi na kowa girma a yawancin wurarenmu. Ƙungiyar da ke son renon dashen itatuwa ta auna tsawonsa da faɗinsa, ta kawo lissafin a taro na gaba, a san girman tankin da za a nema tun rani bai ƙare ba.