Yadda Ake Ɗaukar Hoton Ƙwari Kurkusa

Hoton kurkusa, wanda masu sana'ar ke kira makro, shi ne wanda siffar abu ke sauka a kan faifan karɓar haske na kyamara daidai da girmansa na zahiri, ko fiye. Faɗin babban faifai milimita 36 ne, don haka ƙudan zuma guda kan cinye kusan sulusin faɗin hoton, har a ga gashin jikinsa da garin furen da ya maƙale masa a ƙafa.

A Kano, unguwar Nassarawa GRA na cikin wuraren da suka dace da wannan aiki. Tun zamanin Turawan mulkin mallaka aka yanka ta da manyan farfajiyoyi, ga tsofaffin bishiyoyin darbejiya da mangwaro. Da damina, daga Yuni zuwa Satumba, malam-buɗe-littafi da ƙoƙi-ƙoƙi da zanzaro sukan yawaita. Lokacin da ya fi shi ne fitowar rana, domin jikin ƙwaro daga waje yake samun ɗumi. Kafin hantsi ya dubi ludayi ba shi da kuzarin tashi.

Sabuwar kyamara ba ta wadatarwa sai da gilashin makro. An fi amfani da mai milimita 90 zuwa 105, saboda yana barin tazarar da ba za ta firgita ƙwaro ba. Wahalar ita ce, gwargwadon matsowa kusa, gwargwadon ƙanƙancewar sashen da ke fita tangaran. Ko an tsuke ƙofar haske zuwa f/11, kaurin sashen bai kai milimita 2 ba: ido ya fita, fiffike ya dushe. Shi ya sa ake saita ido. Hasken da ke isa faifai kuma yakan ragu zuwa rubu'i, sai a haɗa da fitilar kyamara, a tare ta da farin ƙyalle don kada jikin ƙwaron ya yi ƙyalli.

Wata dabarar ita ce ɗaukar hotuna masu yawa, kowanne da inda aka saita, kwamfuta ta haɗe su. Da ita wani mai ɗaukar hoto, Levon Biss, ya yi hotunan da aka baje a gidan tarihin halittu na Jami'ar Oxford a Ingila a 2016, kowane ɗaya daga hotuna kimanin 8,000.

Amfanin bai tsaya ga ƙawa ba. Tsutsar nan mai cin masara da ta ɓulla a Najeriya a 2016, ana gane ta da alamar harafin Y a kife a goshinta, da ɗige huɗu baƙaƙe kusa da wutsiya. Hoton da ya nuna waɗannan alamomi yakan sa malamin gona ya gane ta tun bai je gonar ba.