Ina Kuɗin Wutar Gida Yake Zurarewa?

Da yawa daga cikinmu, in Allah ya kai mu ƙarshen karatu, za a tura mu koyarwa a garuruwa irin su Damagum, ko Potiskum, ko Damaturu. A can mutum zai kama haya, ya ajiye iyali, ya fara biyan kuɗin wutar lantarki daga albashinsa, albashin malami kuwa kowa ya san iyakarsa. Saboda haka ya kamata tun yanzu mu san abin da ke cin wuta a gida, gama a nan ne masu gida da yawa suke barin jaki suna dukan taiki. Sai ka ga mai gida yana ta faɗa don yaro ya sa waya caji, ga hita kuwa tana tafasa ruwa a bokiti, bai ce kome ba.

Wutar da ke zuwa Damagum, hedkwatar Fune, da sauran Jihar Yobe, kamfanin rarraba wuta na Yola ne ke sayar da ita, watau YEDC, wanda kuma ke riƙe da Adamawa da Borno da Taraba. Tun 2020 aka kasa masu sayen wuta rukuni biyar, gwargwadon sa'o'in da aka yi alkawarin ba su a rana: rukunin A sa'a 20, B sa'a 16, C sa'a 12, D sa'a 8, E kuma sa'a 4. Kowane rukuni da farashinsa. A watan Afrilu na 2024 hukumar NERC ta ɗaga farashin rukunin A zuwa naira 225 a kan yunit ɗaya, watau ya ninka fiye da sau uku, daga baya aka ɗan sassauta. To, farashi ba a hannunmu yake ba. Abin da ke hannunmu shi ne yawan yunit ɗin da muke ƙonawa.

Mene ne yunit? Kowane kayan wuta, in ka juya bayansa ko gindinsa, za ka tarar an rubuta wata lamba da harafin W. Wannan shi ne wat, watau ƙarfin cinsa. Abin da ke da wat 1,000, in ya yi aiki sa'a ɗaya, ya ci yunit ɗaya ke nan. Lissafin duka bai wuce haka ba: ka ɗauki wat, ka ninka da sa'o'in da abin ya yi yana aiki, ka raba da 1,000. Ɗan aji shida na firamare zai iya shi, kuma a ganina ya fi yawancin lissafin da muke ba yara amfani.

Mu gwada da ƙwan lantarki. A ce gida yana da ƙwai 6 irin na dā mai zare a ciki, kowanne wat 60, ana kunna su sa'a 6 kowane dare. Wannan yunit 2 ne da ɗan ɗoriya a dare, kusan 65 a wata. In aka musanya su da ƙwan LED mai wat 9, wanda haskensa ya yi daidai da wancan, ba za su wuce yunit 10 a wata ba. An tsira da yunit 55 ke nan, ba a rage haske ba. Dalili kuwa, tsohon ƙwai yawancin wutar da yake ci zafi take zama, haske kaɗan ne. Wanda ya taɓa ƙona yatsa garin cire shi ya san haka.

A nan ne fa maganar take. Duk abin da aikinsa ya yi zafi ne, ko ya kori zafi, shi ne gwanin ci: hita, da dutsen guga, da murhun lantarki, da na'urar sanyaya ɗaki. Dutsen guga yakan kai wat 1,000, hita da murhu haka nan ko fiye. Ita kuwa wayar da ake wa yaro faɗa a kanta, ko kullum a cika ta, a wata ɗaya da ƙyar ta ci yunit guda.

Ruwa yana da wuyar ɗumamawa fiye da yadda muke zato. Bokiti mai lita 20, in za a kai shi ɗumin wanka, ya ci fiye da rabin yunit. In kuwa aka manta da hita a ciki har ya tafasa, kamar yadda aka saba, ya tasam ma yunit 2, sa'an nan a zo a surka shi da ruwan sanyi, a mai da shi inda aka baro. Gida mai mutum shida, a watannin hunturu, Disamba da Janairu, lokacin da sanyin ƙasar nan ba ya barin kowa ya yi wanka da ruwan randa, ku lissafa da kanku. Alhali kuwa ko a hunturu ranarmu tana da ƙarfi. Baƙar jarka da aka cika aka ajiye a tsakar gida da hantsi, kafin la'asar ta yi ɗumin da zai ishi wankan yara, ba a biya kowa ko kwabo ba. Guga ma a tara kayan mako a yi su zama ɗaya, ya fi a dinga ɗumama dutsen kowace safiya saboda riga guda.

Da bazara, Afrilu da Mayu, sa'ad da zafi ke wuce digiri 40, sai lissafin ya juya. Fankar sama tana cin kimanin wat 75. Ƙaramar na'urar sanyaya ɗaki kuwa tana cin abin da fanka goma ke ci. Fanka ba ta sanyaya ɗaki, jikin mutum take fifitawa, don haka barinta tana juyawa a ɗakin da ba kowa asara ce tsantsa. Firji shi ma yana son kulawa: a matsar da shi daga bango don bayansa ya sha iska, kada a sa masa abinci da zafinsa, a kuma duba robar ƙofa. In ka maƙale takarda a ƙofar ka rufe, ka ja ta fito ba wuya, robar ta mutu, injin zai yi ta aiki ba hutawa.

Kada kuma mu raina dabarar gida. Wani malami daga Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya yaɗa hanyar sa ƙaramar tukunya cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle. Ruwan da ke bushewa shi ke ɗauke zafi, tumatir da alayyafo su yi kwanaki ba su lalace ba. A kan wannan aka ba shi lambar yabo ta Rolex a 2000. Dabarar ta fi ci a wuri mai busasshiyar iska, irin tamu ta Yobe da rani. Hikimar randa ce dai aka faɗaɗa.

Amma fa duk wannan tattali, wanda ba shi da mita ba zai ga ribarsa a aljihu ba. In bil na ƙiyasi ake kawo maka, ko ka kwana cikin duhu abin da aka rubuta za ka biya. A 2020 NERC ta sa iyaka ga abin da za a iya ƙiyasta wa marar mita, to amma iyaka daban, biyan abin da ka sha daban. Don haka mai neman gidan haya ya tambayi mita kafin ya tambayi fenti, ya kuma tabbata tsohon ɗan haya bai bar bashi a kanta ba. Mita mai kati tana da wani amfani kuma: tana nuna sauran yunit. Ka rubuta lambar da safe, ka sake rubutawa gobe war haka, bambancin shi ne cin gidanka na yini. Kwana bakwai ka yi haka, ka gane ranar da aka yi guga ba sai an faɗa maka ba. Masu zagaye mita da waya kuwa, wannan sata ce, Dokar Lantarki ta 2023 ta tanadar mata hukunci, ga kuma hatsarin gobara.

Saura janareta. Lita ɗaya ta fetur a ƙaramin janareta ba ta ba da yunit 2, tun da aka cire tallafin mai a Mayu 2023 kuwa wutarsa ta fi ko ta rukunin A tsada nesa. Saboda haka aiki mai nauyi, guga da cika tanki da sanyaya firji, a yi shi sa'ad da aka kawo wuta, a bar wa janareta ƙwai da fanka.

A gidan haya mai mita ɗaya, inda ake raba kuɗi daidai a kan kowane ɗaki, gwauro mai ƙwai ɗaya da fanka shi ke biya wa maƙwabcinsa kuɗin hita da firji. In ba a sami ƙaramar mita ga kowane ɗaki ba, sai a zauna da takarda, a rubuta kayan kowa da wat ɗinsu da sa'o'insu, a raba kuɗin a kan haka. A gida irin wannan, malamin makaranta ne za a miƙa wa alƙalamin.