Jitar Sahara da Sababbin Faya-fayen Makaɗa Masu Cin Gashin Kansu

(Kiɗan buɗe shiri: jitar lantarki da ganga, sannan a rage sauti)

MAI GABATARWA:

Manyan kamfanoni uku ne suka mamaye cinikin kiɗa a duniya, wato Universal da Sony da Warner. A gefensu akwai ƙananan kamfanoni masu cin gashin kansu, waɗanda sau da yawa mutum ɗaya ko biyu ne ke tafiyar da su, suna buga faifai kaɗan-kaɗan domin masu neman kiɗan da ba a cika ji a rediyo ba. Cikin nau'o'in da irin waɗannan kamfanoni suka fi riƙewa akwai rok na saikedelik, da kiɗan gargajiya na jita marar lantarki, da kuma kirautrok na Jamus. A 'yan shekarun nan, wasu daga cikin faya-fayen da suka fi tashe a wannan fage daga Jamhuriyar Nijar suka fito, maƙwabciyar Jihar Kebbi, kuma hanyar da suka bi zuwa kunnen duniya ta ratsa ta Sakkwato.

Rok na saikedelik ya ɓulla ne a tsakiyar shekarun 1960 a biranen San Faransisko da Landan. Alamarsa ita ce jitar lantarki mai ƙugi da amsa kuwwa, wadda makaɗi kan ja ta tsawon mintuna ba tare da an sa baki ba. Jimi Hendrix, wanda ya rasu a 1970, shi ne gwanin da aka fi ambata. A farkonsa an danganta kiɗan da shaye-shayen matasan Turawa na wancan zamani, amma a yau sunan salon sauti kawai yake nufi. Najeriya ma ta taɓa shi bayan yaƙin basasa, lokacin da ƙungiyoyi irin su BLO da Ofege suka fitar da faya-fayensu na farko a Legas a 1973.

Kirautrok kuwa na matasan Jamus ta Yamma ne da suka ƙi kwaikwayon Amurka da Ingila. Ƙungiyar Can ta kafu a birnin Kolon a 1968, Neu! kuma a Dusuldof a 1971, garin da Kraftwerk ma ta fito. Ginshiƙin salonsu maimaici ne: mai ganga ya kama bugu ɗaya ya riƙe shi daram, sauran kayan kiɗa da na'urori su riƙa hawa suna sauka a kansa. Na ukun, kiɗan gargajiya, bai buƙatar dogon bayani ga Bahaushe, domin murya ce da abin kiɗa na hannu, yadda Ɗanmaraya Jos ya yi da kuntiginsa har ƙarshen rayuwarsa a 2015.

(Kiɗa: jita ɗaya tare da tafi)

Labarin Mdou Moctar shi ne ya fi nuna yadda waɗannan hanyoyi suka haɗu. Sunansa na yanka Mahamadou Souleymane, Ba'abzine ne daga jihar Tawa ta Nijar. Iyayensa ba su so ya yi kiɗa ba, don haka da katako da wayar birkin keke ya harhaɗa jitarsa ta farko, kuma bahago ne, da hagu yake kaɗawa. A 2008 ya tsallako Sakkwato ya ɗauki kundinsa na farko mai suna Anar. A lokacin sitidiyoyin Arewa sun riga sun ƙware a kiɗan fiyano na waƙoƙin finafinan Hausa, da na'urar nan mai lanƙwasa murya ta sa ta rawa. Da waɗannan kayan aiki aka ɗauki waƙoƙinsa na harshen Tamashek, aka sami wani sauti da ba a saba ji ba a Agadas ko a Kano.

Kundin bai shiga kanti ba. Daga waya zuwa waya ya yaɗu, ta bulutut da katin memori, har ya kai arewacin Mali. Wannan hanya sananniya ce a Gesse da sauran unguwannin Birnin Kebbi: saurayi ne zaune a rumfa da kwamfuta da tarin wayoyin caji a gabansa, mai saye ya miƙa kati ya faɗi mawaƙin da yake so, a cika masa kati da ɗan kuɗi kaɗan. Sau da yawa waƙar kan iso ba suna ba shekara, kuma ko sisi ba ya komawa ga mai ita.

A garin Kidal na Mali ne wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya tattara irin waɗannan waƙoƙi daga wayoyin mutane. A 2011 kamfaninsa Sahel Sounds, da ke birnin Fotland, ya fitar da su a faifai mai suna Music from Saharan Cellphones, ciki har da waƙar Mdou Moctar mai suna Tahoultine. Abin da ya bambanta wannan aiki da na rumfar turi shi ne an bi sawun mawaƙan an nemo su, an rubuta sunayensu, an kuma raba riba da su. A 2013 kamfanin ya fitar da Harafin So, tarin waƙoƙin finafinan Kano, sannan a 2020 ya shekara yana fitar da gajerun kundaye wata-wata, waɗanda makaɗa suka ɗauka da wayar hannu suka aika ta WhatsApp.

(Kiɗa: jitar lantarki mai sauri)

Shi kuwa Mdou Moctar ya kafa ƙungiya ta mutum huɗu: shi da Ahmoudou Madassane a jita ta biyu, da Souleymane Ibrahim mai ganga, da Ba'amurke Mikey Coltun mai jitar bes. Ya fitar da Ilana a 2019, sannan suka koma kamfanin Matador na Niyok, wanda ya buga Afrique Victime a 2021 da Funeral for Justice a watan Mayun 2024. Wannan na baya kundi ne mai zafi, a kiɗa da kuma a magana. Ya taɓo mulkin mallakar Faransa, da arzikin yuraniyom da ake haƙa a Arlit alhali talakan ƙasar na kwana cikin duhu, da kuma kira ga Abzinawa su riƙe harshensu. Masu sharhi a Turai da Amurka sun sa shi a sahun rok na saikedelik saboda yadda jitar ke ruri, amma bugun da ke ƙarƙashinta na bikin auren Agadas ne.

Juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 ya riski ƙungiyar tana rangadi a Amurka, aka rufe iyakoki, suka kasa komawa gida na wani lokaci. A cikin wannan zaman jira suka shiga sitidiyo a Niyok suka sake ɗaukar waƙoƙin Funeral for Justice, wanda bai kai ga fitowa ba a lokacin, da jita marar lantarki, a zaune, cikin natsuwa. Wannan ne ya fito a watan Fabrairun 2025 da sunan Tears of Injustice. Kundayen biyu sun zama tagwaye: waƙoƙi iri ɗaya, ɗaya cikin fushi, ɗaya cikin juyayi.

Kusa da su akwai Etran de L'Aïr, ƙungiyar 'yan'uwa da ta fara kiɗan biki a Agadas tun 1995. Su makaɗan talakawa ne, masu zuwa auren Buzu da na Bahaushe da na Bazabarme, don haka salonsu ya kwaso daga ko'ina. Jita biyu ko uku ke saƙa da juna a kan ganga mai gudu, a maimaita jimla ɗaya har 'yan rawa su gaji. Sun fitar da No. 1 a 2018, da Agadez a 2022, da 100% Sahara Guitar a watan Satumban 2024. Bombino, wanda kundinsa Deran na 2018 ya sa ya zama ɗan Nijar na farko da aka zaɓa cikin masu neman lambar Grammy, ya fitar da Sahel a 2023. A Yamai kuma akwai Tal National ƙarƙashin jagorancin Almeida, alƙali kuma makaɗin jita, masu waƙa da Hausa da Zabarmanci da Fillanci da Tamashek, waɗanda kamfanin FatCat na Ingila ya buga musu Kaani a 2013 da Tantabara a 2018.

(Kiɗa: muryoyin mata da tafi)

A ɓangaren gargajiya, Les Filles de Illighadad ne suka fi fice. Fatou Seidi Ghali, wadda ta koyi jita da kanta da ta yayanta, ita ce ta kafa ƙungiyar a wani ƙauye na yankin Abalak. Tushen kiɗansu tende ne. Turmi ake samu a shimfiɗa masa fatar akuya, a ɗaure ta da taɓare biyu, mata su zauna a kan taɓaren don fatar ta ɗame, ana yayyafa mata ruwa ana kaɗawa. A gefe kuma a kifa ƙwarya a cikin ruwa ana bugunta, kamar dai kiɗan ruwa da matan Hausawa suka sani a amada. Wannan bugu suka ɗora wa jita a kundinsu Eghass Malan na 2017, da At Pioneer Works na 2021 wanda aka ɗauka a gaban 'yan kallo a Niyok.

Kafin su, Malam Maman Barka, gwanin gurmi da ya yi waƙoƙi da Hausa, ya tafi yankin Tafkin Chadi ya koyi biram, abin kiɗa mai tsirkiya biyar na masunta Buduma, daga hannun tsohon da ya rage da saninsa. Kundinsa ya fito a Landan a 2009. Ya rasu a 2018, amma saboda an ɗauki aikin da kyau, biram bai tafi da shi ba.

Wanda ya fi kusa da kirautrok shi ne Mamman Sani. A shekarun 1970 ya sayi ogan na lantarki ƙirar Italiya mai suna Orla, ya riƙa mayar da karin waƙoƙin gargajiyar Nijar a kansa, da bugu mai maimaituwa a hankali. A 1978 ya ɗauki kaset a gidan rediyon ƙasa, aka buga kwafi kaɗan. Shekara da shekaru mutanen Nijar suna jin kiɗansa a tsakanin shirye-shiryen rediyo da talabijin. Da Sahel Sounds ya sake buga kaset ɗin a 2013, masu sauraro a Turai suka riƙa kwatanta shi da Kraftwerk. Hama, wani matashi a Yamai, ya bi wannan turba da fiyano da kwamfuta a kundayensa Torodi na 2015 da Houmeissa na 2019.

(Kiɗa: gangunan su na Argungu)

Duk abin da ya ja kunnen duniya zuwa ga waɗannan makaɗa akwai irinsa a kwarin Rima. Maimaicin da ake yabo a kirautrok shi ne ƙashin bayan gangar noma a fadamun shinkafa, da kiɗan dambe da kokawa, da amsawar 'yan karɓi a waƙar fada irin ta Aliyu Ɗandawo da ɗansa Sani, waɗanda sunansu ke haɗe da Argungu da Yawuri. A bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya samo asali a 1934 kuma UNESCO ta sa shi cikin al'adun gado na duniya a 2016, makaɗa kan shiga jiragen ruwa a Matan Fada suna zuga masunta yayin da suke nutso da homa da gora. Ga kuma molo da goge a hannun Zabarmawa da Dandawa da Arawa, daga Kamba zuwa Kangiwa, mutanen da danginsu ke hayin iyaka a Gaya da Doso.

Abin da ya yi ƙaranci shi ne ɗauka mai inganci da fitarwa da sunan mai aiki. An taɓa yin irin haka ga kiɗan Hausa: kamfanin Folkways na Amurka ya buga faifan Garba Liyo mai goge a 1976, kuma har yau ana samun sa. Amma yawancin tsofaffin makaɗan Kebbi a kaset ɗin da suka sha rana suke, ko a waya da sauti mai shaƙewa. A wurin biki kuma mai kunna faifai da lasifika ya karɓe wurin makaɗi, yaran gidan kiɗa da dama sun koma wasu sana'o'in.

Makaɗan Nijar da suka yi nisa sun riƙe kayan kiɗa na hannu, sun ci gaba da kiɗan biki a gida, wanda shi ne makarantarsu. Sun yi waƙa da harsunansu. Sun kuma sami yarjejeniyar da ta ambaci sunansu da rabonsu, sannan shafuka irin su Bandcamp suka ba su damar sayarwa kai tsaye ga mai saye a ko'ina yake. A Najeriya sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023 ta tanadi kariya ga aikin da ake yaɗawa ta intanet, sai dai sai an ɗauki waƙa ko an rubuta ta kafin a iya kare ta. Kayan ɗauka sun yi sauƙi ƙwarai idan aka kwatanta da na 2008, lokacin da aka yi Anar a Sakkwato. Aikin da ya rage na gidajen rediyo ne, da masarautun Gwandu da Argungu, da gidan tarihi na Kanta, da masu sitidiyo a Birnin Kebbi: su nemi makaɗan tun suna raye, su ɗauke su da kyau, su rubuta suna da gari da shekara, su kuma tabbatar kuɗin ya isa hannun mai waƙa da yaransa.

(Kiɗan rufe shiri)