Sudan: Me Ya Sa Agaji Ke Tsayawa A Kan Iyaka?

Tun ranar 15 ga Afrilu, 2023 sojojin Sudan ƙarƙashin Janar Abdel Fattah al-Burhan ke gwabza yaƙi da dakarun RSF na Mohamed Hamdan Dagalo. Mutane sama da miliyan 12 sun bar gidajensu, dubban ɗaruruwa sun tsallaka Chadi.

Abinci yana nan, hanyar kai shi ce babu. Majalisar Ɗinkin Duniya ba ta shigar da kaya wata ƙasa sai da yardar gwamnatin da ta amince da ita, shi ya sa rufe mashigar Adre ta kan iyakar Chadi da gwamnatin sojoji ta yi a farkon 2024 ya datse yankin Darfur. Sai a watan Agusta aka sake buɗe ta, watan da masana suka tabbatar da matsananciyar yunwa a sansanin 'yan gudun hijira na Zamzam da ke Darfur. A yankunan RSF kuma ana wawashe rumbuna, ana tare motoci.

Manyan ƙasashe ba su da uzuri. Amurka da Saudiyya sun haɗa ɓangarorin a Jidda a Mayun 2023, aka sa hannu kan kare farar hula, ba wanda ya cika alkawarin. A Nuwamban 2024 Rasha ta hau kujerar naƙi kan ƙudurin tsagaita wuta. Ana zargin Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da bai wa RSF makamai, ita kuwa tana musantawa.

Waɗanda suka riƙe talaka su ne matasan unguwanni masu dafa abinci kyauta a Khartoum da Omdurman, ana kama su, ana kashe wasunsu, tukunya tana kan wuta.