Yadda ake gane samfurin jita ta hannu kafin a biya kuɗi

Duk mai neman jitar katako ta hannu a Jimeta ko Yola, kada sunan da ke samanta ya ruɗe shi, domin ana iya manna na bogi. A haska tocila cikin ramin tsakiyarta, a karanta takardar da ke ciki. A jitocin Yamaha, C40 mai tsirkiyar nailan ce, F310 kuwa ta ƙarfe. In an ga Nippon Gakki, sunan kamfanin ke nan kafin 1987.

Daga nan sai katako. Bushewar hunturu da zafin Afrilu, mai haura digiri 40 a Yola, kan tsaga shi, su kuma lanƙwasa wuyan jitar. Idan tsirkiya ta yi nisa da wuyan, kuɗin gyara na iya fin kuɗin saye.