Kameyo, Adon da Ake Sassaƙawa

Yau zancenmu a kan wani abin adon matan Turai ne, sunansa kameyo. Watau ɗan hoto ne, galibi fuskar mace, wanda akan sassaƙa a jikin dutse ko katantanwar teku, a maƙala a riga ko a sa a zobe.

Ga yadda dabarar take. Akan nemi dutse mai hawa biyu, sama fari, ƙasa ja ko baƙi. Masassaƙi ya yi ta kankare farin har fuskar kaɗai ta rage, ta taso fara fat bisa duhun. Ba fenti ko ɗis, launin halitta ne.

Girkawa sun iya wannan sana'a tun kafin haihuwar Annabi Isa, Rumawa suka gada. Akwai wani babba mai hoton Sarki Agustas, yana gidan tarihi a Biyana, ƙasar Ostiriya. Sarauniya Biktoriya, wadda ta mulki Ingila daga 1837 zuwa 1901, ta so shi ƙwarai, matan ƙasarta suka kwaikwaya. Har yau ana sassaƙa na katantanwa a Torre del Greco, cikin Italiya.

To, 'yar'uwa, a kula, akwai jabu na roba. In an kawo miki talla, ɗaga shi ga haske. Na katantanwa haske na ratsa shi, bayansa da ɗan lanƙwasa, kuma za ki ga sawun ƙarfen masassaƙi. In kika ga biyu iri ɗaya sak, riƙe kuɗinki, aikin inji ne. In kin samu na gaske, kada ki bar shi a rana, yakan tsage.

Sai mako mai zuwa.