Fentin Ƙyauren Gida: Ado Da Rigakafi

Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. To, labarin gida kuwa a tambayi ƙofarsa. Maginan dā na Zariya da Kano da Damagaram sun san haka, shi ya sa sukan ƙure gwanintarsu a fuskar zaure, su zana mata dagi tun yaɓe yana ɗanye. Yau bulo ya maye gurbin tubali a unguwanni da yawa, ƙyauren ƙarfe kuma ya zama ruwan dare, saboda haka fenti ne adon da ya rage wa ƙofa.

Amma amfanin fenti ya wuce ado. Ƙarfe in ya gamu da laima sai ya kama tsatsa, takan kuwa soma ne daga gindin ƙyaure inda feshin ruwan sama yake duka, har ta huda shi. Katako kuma yakan kumbura da damina, ya tsage da hunturu. Wanda ya ji ƙyashin kuɗin gwangwanin fenti, wata rana zai biya mai walda kuɗin sabon ƙyaure.

Abu na farko shi ne zaɓen lokaci. Da hunturu ƙura takan manne wa ɗanyen fenti, da damina kuma yakan daɗe bai bushe ba. A Arewa, lokacin da ya fi dacewa shi ne tsakanin wucewar hazo da saukar ruwan fari. Mazauna Ikko da Fatakwal, inda damina ke faɗuwa da wuri, iskar teku kuma ke gaggauta tsatsa, sai su riga 'yan'uwansu na Arewa farawa. Kada a shafa fenti a kan ƙarfen da rana ta gasa, don samansa zai bushe ya bar ciki ɗanye, daga baya ya yi bororo.

Na biyu, shiri. A wanke ƙyauren da sabulu, a kankare tsatsa da fentin da ya ɓamɓare, sa'an nan a shafa jan fentin nan na hana tsatsa. In ya bushe, a bi da fentin mai shafi biyu marasa kauri, a bar kwana guda a tsakaninsu, kada kuma a manta da gefen sama da na ƙasa. Fentin da aka ɗora a kan tsatsa kyan ɗan maciji ne. Baƙin launi kuwa zafi yake sha, bai dace da ƙofar da ke kallon rana ba.

Akwai wani abu da ya fi waɗannan duka muhimmanci, watau dalma. An daɗe ana sa ta cikin fentin mai, musamman rawaya da ja. Amurka ta hana sayar da irin wannan fenti don aikin gida a shekarar 1978, domin dalma guba ce mai lalata ƙwaƙwalwar yara. Mu ma mun ga aikinta a Jihar Zamfara a 2010, inda ƙurar duwatsun zinariya masu ɗauke da dalma ta halaka ɗaruruwan yara. Garin tsohon fenti da aka kankare yana iya zama guba iri ɗaya, ga shi kuwa bakin ƙofa ne wurin wasan yara.

Don haka a jiƙa wurin kafin a kankare, a shimfiɗa leda a ƙasa don tara ɓarɓashin, kada a babbake tsohon fenti da wuta, a nisantar da yara da mata masu ciki har a gama shara. Wajen saye kuma, maigida ya karanta jikin gwangwani, ya nemi wanda aka rubuta ba shi da dalma. Rigakafi dai ya fi magani.